Randar Malama Sekine

Talata, 11 ga Oktoba, 2011. Ƙarfe 7:25 na safe, Greenbelt

Na juya randar. Ɗuminta daidai, warinta daidai, kumfa a tsakiya kamar faɗin faifai. Ƙyalle na ɗaya ya fito shuɗi mai kyau, amma bai kai na watan jiya ba.

Littafin nan na randa ne, ba nawa ba. Malama Sekine ce ta ce in riƙa rubutawa, kada in dogara da kaina, kuma ta san halina. Jiya aka ɗauke ta zuwa gidan jinya a cikin Washington. Ba asibiti ba ne, wurin da ake kai mutum ne idan likitoci sun gama nasu. Kafin motar ta tashi ta danƙa min makullin gidanta na nan Greenbelt, ta sa na maimaita abin da ta ce har sau biyu: in juya randar sau ɗaya kowace safiya, in tsoma farin ƙyalle in kai mata ta gani, kada in ƙara wa ruwan komai, ko dusa ko ruwan toka. Ranar da launin ya kai inda take so za ta gaya min, sai in rina rigar da ke cikin akwatin katako.

Na ce to. Ban tambayi komai ba.

Talata, 4:10 na yamma, cikin jirgin ƙasa na Metro

Shekara shida ke nan da saninmu. Ina ɗinkin gyara a wani shagon wanki a Silver Spring, wata tsohuwa 'yar Japan ta kawo kwat a rage mata hannu. Ina ɗaga kwat ɗin sai na ji warin gidanmu. A Kura na tashi, mahaifina marini ne, warin karofi kuwa ba ya ɓoyuwa ga wanda ya girma a cikinsa. Da Turancina na sakandare na tambaye ta ko tana rini da baba. Ta daɗe tana kallona. Bayan mako ɗaya ina cikin garejinta.

Nasu ba rami ba ne. Randar ƙasa ce da ta kawo min ƙirji, an naɗe ta da bargon lantarki. Ganyen daga ƙasarsu ake aiko mata an riga an ruɓar da shi. Sauran duk irin namu ne: toka, ɗumi, jira. Ita ta koya min ɗinkinsu na farin zare a kan shuɗi, ƙananan taku kamar ƙwayar shinkafa, sashiko suke ce masa. A Kura mace ba ta riƙe muciyar karofi. Sai a nan na fara riƙewa, ina da shekara talatin da biyar.

Yau ta ɗaga ƙyallen wajen taga, ta ce da saura.

Alhamis, 13 ga Oktoba, 3:40 na yamma

Ƙyalle na uku. Ya fi na Talata haske. Kumfa ta ragu.

Na tambaye ta wane launi muke jira. Ta ce randa tana tsufa kamar mutum. Wannan tun Afrilu aka haɗa ta. Idan aka daina ba ta abinci launinta zai yi ta sauka, kuma dab da ta mutu akwai wani shuɗi da take bayarwa na kwana ɗaya ko biyu, mai haske ƙwarai, sai ka ajiye shi kusa da fari kafin ka gane an rina. Sunansa a yarensu kamar a ce leƙen randa, wato yadin ya leƙa ciki ya ja da baya. Ta ce ba a samunsa da sirka ruwa ko tsomawa a gaggauce, wannan wanki ɗaya zai tafi da shi. Sai tsohuwar randa.

A garinmu kuwa wannan launin abin kunya ne. Mahaifina idan rawani bai yi duhun da zai riƙa ƙyalli kamar ƙarfe ba, ba ya barin a kai shi wajen mabuga. Marinin da yadinsa ya fito fari-fari yara ma dariya suke masa.

Juma'a, 14 ga Oktoba, 7:50 na safe

Na buɗe akwatin don in ga yawan ruwan da rigar za ta sha.

Na san ta. Mu biyu muka ɗinka ta a watan Yuli. Farar auduga saƙar hannu. Ba ta bari na sa almakashi ba, yagawa muka yi. Ta hana ni ƙulle bakin zare, ta hana ni komawa baya da allura. Duk inda zare ya ƙare sai a bar jelarsa haka. Lokacin na ɗauka wani salo ne da ban kai ga koyonsa ba, har na ƙulla guda biyu a ɓoye saboda hannuna ya ƙi yarda, ta gano, ta warware.

A garinmu ma akwai farin yadin da ake yagawa da hannu, mata su zauna su harhaɗa shi ba hira. Na taya gwaggona sau biyu.

Na rufe akwatin.

Asabar, 15 ga Oktoba, 5:00 na yamma

Kumfa saura kamar tafin hannu. Malama ba ta iya tashi zaune ba yau, a kwance ta duba ƙyallen. Da saura.

Nas ɗin da ke kula da ita 'yar Jos ce, Martina. Ta ji ina amsa wayar maigidana Baban Hidaya a baranda, ta tsaya da tire a hannu tana dariya, ta ce ashe Bahaushiya ce take zuwa kullum da hannu shuɗi kamar ta daki aljani. Na ce mata ita kuma Hausarta sai an bi ta da sabulu. Muka saba nan take. Da na tambaye ta jikin Malama sai dariyar ta tsaya. Ta ce likita ya ce kwana biyar, in ya yi yawa mako ɗaya.

Randar ma haka na ƙiyasta mata da safe. Kwana biyar ko mako. Na rubuta a gefen shafin jiya, kafin in ga Martina. Na duba, yana nan.

Lahadi, 16 ga Oktoba, 11:30 na safe

Na kira Yaya Ilu a Kura. Shi ya gaji ramukan mahaifinmu. Na kwatanta masa wari da kumfa da launi, ban gaya masa umarnin da aka ba ni ba. Ya ce yunwa ce kawai, in ba ta dusa da sabon ruwan toka, in akwai wani abu mai zaƙi in ɗiga kaɗan. Sai ya ce, "Ke Furera, a Amurkan ne aka koya miki ki tsaya kina kallon baba yana mutuwa? Da tsoho yana nan da ya ce ba shi ya haife ki ba."

Wasa yake yi. Na yi dariya.

Malama idan za ta farfaɗo da randa giyar shinkafa take zubawa, da hannunta, ba ta taɓa sa ni na taɓa kwalbar ba. Ni ina da zuma a gida.

Litinin, 17 ga Oktoba, 7:15 na safe

Zuma cokali biyu kawai. Da dusa tafi ɗaya.

Talata, 18 ga Oktoba, 4:30 na yamma

Kumfa ta dawo, ta fi faifai, da jan ƙyalli a samanta. Ƙyalle na takwas ya fi na ɗaya duhu.

Na tarar da Malama a zaune, an jingina ta da filo. Martina ta ce ta sha rabin kofin romo, har ta nemi a taje mata kai. Na miƙa ƙyallen. Ta daɗe tana dubawa, gaba da baya, sannan ta dube ni. Ta ce da saura. Na ce sanyi ne ya ragu shi ya sa. Ƙarya ce, sanyi ƙaruwa ya yi.

Na dawo da sauƙin zuciya. Ban san ko ya kamata ba.

Alhamis, 20 ga Oktoba, 7:20 na safe

Cokali biyu.

Asabar, 22 ga Oktoba, 8:05 na safe

Garejin ba shi da taga sai ƙarama guda a sama. Idan na rufe ƙofa na kashe rediyo ana jin randar. Na daɗe da sanin tana ƙara, ƙananan kumfa ne ke fashewa, amma ban taɓa tsayawa na saurara ba. Ba a jere take yi ba. Sai ta yi kamar sau bakwai, ta yi shiru na ɗan lokaci har in ɗauka shi ke nan, sai ta sake ɗauka.

Jiya na zauna kusa da gadon Malama tana barci. Ban yi niyyar ƙirga numfashinta ba. Bakwai, sai shiru, sai ta sake ɗauka.

Na yi istigfari. Ruwa ne da ganye da toka. Na ga yadda aka haɗa ta, ni na tace tokar.

Lahadi, 23 ga Oktoba, 2:00 na rana

Makon da likita ya ce ya cika jiya.

Baban Hidaya ya nemi zuma zai sha shayi kafin ya tafi gidan rediyo, ya ɗaga kwalbar ya ga ta yi ƙasa, ya ce ko ɓeran gidan nan ya koyi buɗe murfi. Na gaya masa rabi. Ya ajiye kofin, ya gaya min abin da na sani: rai a hannun Allah yake, ba a cikin tukunyar kowa ba. Na ce na sani. Ya ce idan na sani me ya sa nake ba ta? Na ce tausayin randar nake ji. Ya ce to matar fa, da ta ba ni amana?

Ya ce, "Maman Hidaya, ɗaya za ki ɗauka. In tukunya ce kawai, ki bi abin da aka ce miki. In kuma kina ganin ba tukunya ba ce kawai, to sai mu je wajen liman, don abin ya wuce ni."

Ya fita da shayinsa ba zaƙi.

Litinin, 24 ga Oktoba, 7:10 na safe

Cokali uku. Biyu sun daina isarta.

Laraba, 26 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Na yi abin da bai dace ba. Na tsoma ƙyallen na fizge shi nan take, na ɗauraye shi sosai don ya yi haske. A jirgi ina ta gaya wa kaina don ta ji daɗi ne.

Ta karɓa, ta jiƙa yatsa a kofin ruwanta, ta murza gefensa. Launin ya bi yatsan. Ta ajiye shi daban, ba a kan sauran ba. Ba ta ce da saura ba. Shekara shida ba ta taɓa ɗaga min murya ba, idan ɗinkina ya karkace warwarewa kawai take yi ta miƙo min. Yau ba ta da ƙarfin warware komai.

Romon ma ta daina sha tun Lahadi.

Alhamis, 27 ga Oktoba, 4:45 na yamma

Martina ta ja ni ɗakin shayinsu. Ta ce sau biyu ke nan ana ƙara wa Malama maganin ciwo, kuma idan za a juya ta sai mutum ya toshe kunne. Bayanta ya fara tsagewa. Likitan ya zo ya tsaya yana duba takarda yana duba ta. Ɗanta ya zo daga Seattle ya yi kwana shida ya koma, aiki ba zai jira ba.

Ta ce, "Hajiya, shekara goma sha ɗaya ina aikin nan. Wanda ya wuce lokacinsa haka, wani abu yake jira. Ɗan ya zo ya tafi, ba shi ba ne. Ke kike zuwa kullum. Me kike kawo mata a ledar nan?"

Na ce ƙyalle ne. Ta ce to ƙyallen ya yi sauri mana.

Juma'a, 28 ga Oktoba, 7:15 na safe

Na zo da niyyar ba zan ba ta ba. Kumfa ta yi ƙasa, shirun tsakanin ƙarar ya yi tsawo. Na tsaya da muciya a hannu ina jira ta sake ɗauka, ba ta ɗauka ba, ba ta ɗauka ba.

Uku.

Asabar, 29 ga Oktoba, 1:30 na rana

Dusar ƙanƙara a watan Oktoba, jiƙaƙƙiya, tana narkewa a kan ganyen da bai gama zuba ba. Na tarar wutar layin Malama ta ɗauke, bargon randar ya yi sanyi. Na dafa ruwa a kan gas, na cika kwalabe na jera mata a jiki, na rufa mata kwat ɗina. Awa uku ina zaune a ƙasa da bayana a jikin randar har wuta ta dawo.

Ban je gidan jinya ba. Na kira Martina don in ce ba zan zo ba. Kafin in faɗa ta ce tun safe Malama take rawar sanyi, bargo uku bai yi mata ba, sai wajen sha biyu da rabi ta lafa.

Sha biyu da ashirin wutar ta dawo. Rana ce ta sanyi, kowa ya ji sanyi. Ni ma na ji.

Litinin, 31 ga Oktoba, 7:20 na safe

Uku. Ƙyalle na ashirin da ɗaya. Mahaifina da ya yaba wannan launin.

Talata, 1 ga Nuwamba, 6:00 na yamma

Zan rubuta yadda ya faru ba ƙari.

Idonta a rufe na shiga. Na zauna, na ciro ƙyallen, ban miƙa ba. Ta ɗaga yatsa, na sunkuya. Muryarta sai da na kai kunnena kusa da bakinta.

Ta ce, "Furera, zumar ta isa haka."

Ban taɓa ambata mata zuma ba. Ko Martina ban gaya wa ba. Na fara cewa wani abu, ban san me ba, ta ce kwana tara ba ta sa komai a baki ba, amma kowace safiya da ta biyo bayan kwana uku ko huɗu, wajen ƙarfe bakwai, sai ta farka da zaƙi a harshe. Ta ce da farko ta ji daɗinsa. Ta ce ta san hannun marini ba ya son ya bari, ita ma ta taɓa riƙe wata randa wata uku bayan lokacinta, ta san abin da nake ji.

Sai ta ce, "Mutanenmu da fari suke tafiya. Ni shekara sittin hannuna yana cikin shuɗi, kaɗan nake so in tafi da shi. Na gaji. Ki bar ta ta sauka."

Na ce idan na bari fa? Ban ƙarasa ba. Ta ce eh.

A baranda na sunsuna ƙyallen. Warin baba ne kawai. Na ba Martina ta sunsuna, ta ce wari yake kamar akurkin awaki, me nake so ta ji?

Laraba, 2 ga Nuwamba, 9:40 na safe

Ban ba ta ba. Kwalbar na bar ta a gida, na gaya wa Baban Hidaya ya ajiye ta inda ban sani ba. Bai yi min tambaya ba.

Na cika randar da ƙarfi da hannuna, yanzu sai na zuƙe shi. Malama ta ce in rina duk wani fari da ke garejin don baban ya ƙare da wuri. Na fara da zare, damin da muke sashiko da shi, sannan yadin da aka ajiye don rigunan bazara. Na shanya su a igiya. Garejin ya yi duhu da su.

Alhamis, 3 ga Nuwamba, 10:15 na safe

Zanen gado biyu, labulen kicin. Launi ya fara sauka. Na kunna rediyo da ƙarfi don kada in ji.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, 4:00 na yamma

Ba ta buɗe ido ba sai da Martina ta kira sunanta sau uku. Ta duba. Leɓenta ya motsa. Martina ta ce me ta ce, na ce cewa ta yi da saura.

Yaya Ilu ya kira yana tambayar yadda maganinsa ya yi. Na ce ya yi aiki. Ya ce ai ya sani.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, 6:50 na safe

Babbar Sallah. Kuma daren jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai na rasa ko tsohuwar bakwai ɗin zan bi ko sabuwa. Na zo a tsakaninsu. Baban Hidaya ya kawo ni da mota, yana waje da babbar rigarsa yana jira mu wuce idi.

Kumfa ta zama ɗan zobe siriri. Ruwan da yake kore-kore ya koma ruwan ƙasa. Ƙyalle kamar sararin sama da hantsi.

In na ce ruwa ne da ganye, to ban yi komai ba, mako biyu na ɓata wa tsohuwa lokaci kawai. In na ce ba haka ba, to mako biyu na riƙe ta a cikin ciwo, yanzu kuma ni nake sakinta. Na ɗauki na farko. Kullum da safe sai na sake ɗaukarsa.

Litinin, 7 ga Nuwamba, 7:15 na safe

Ba abin da ya rage fari a gidan sai rigar.

Talata, 8 ga Nuwamba, 3:30 na yamma

Da na ciro ƙyallen da safe na ɗauka bai kama ba. Sai da na ɗora shi a kan shafin littafin nan na ga bambanci.

Ba ta iya ɗaga hannu. Martina ta buɗe labule, ta shimfiɗa ƙyallen a kan farar rigar filo, ta tallafo mata kai. Ta daɗe. Na ɗauka barci ya ɗauke ta ido buɗe. Sai ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Martina ta raka ni har lif. Ta ce in zan yi wani abu in yi shi gobe, kada in ce jibi.

Laraba, 9 ga Nuwamba, 2:10 na rana

Na jiƙa rigar a ruwan ɗumi tun bakwai. Tsomawa goma sha huɗu, kowace sai na ciro na buɗe ta ta sha iska, na jira, na mayar. A hankali, a ƙarƙashin ruwa, kada in tayar da laka daga gindin randar. Sau shida na farko ban ga komai ba, na ce na makara, na kashe ta kafin in karɓi abin da ake jira. A na bakwai ya fara nunawa a wajen ɗinki.

Zaren da ba ƙulli yana zamewa a ruwa. Kafaɗar hagu ta buɗe kamar tsawon yatsa. Na zare allura na mayar da shi, da na kai ƙarshe yatsuna suka naɗa zaren da kansu za su ƙulla. Na tsaya. Na bar jelar.

Ban kunna rediyo ba yau. Tana yi, amma sai na jira sosai tsakanin ɗaya da ɗaya.

Rigar tana kan igiya a tsakiyar masu duhun. Ban san yadda zan kwatanta launin ba. Ban taɓa ganin abin da na rina na ji tsoron taɓa shi ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, 5:45 na yamma

Na kai. Na naɗe ta a takarda, na riƙe a ƙirji tun daga Greenbelt, ban zauna a jirgi ba don kada wani ya goge ta.

Ɗanta ya dawo da asuba. Mutum ne mai furfura, ya miƙe ya sunkuya min, na rasa inda zan sa kaina. Muka shimfiɗa rigar a kanta daga wuya zuwa ƙafa. Martina ta ɗauki hannunta ta ɗora a kai. Yatsun suka bi ɗinkin gefe a hankali, taku bayan taku, har suka kai kafaɗar hagu inda na gyara. Suka tsaya a kan jelar zaren. Suka ja kaɗan, zaren ya biyo.

Ta buɗe ido. Na sunkuya.

Ta ce, "Ya yi. Gobe kada ki juya."

Na ba ɗanta makullin. Ya ce in riƙe mana, akwai kaya da yawa a garejin da bai san kansu ba. Na ce zan karɓa wani makon. Ban yarda da ƙafafuna ba, za su iya kai ni garejin da safe.

Juma'a, 11 ga Nuwamba, 6:30 na safe, Silver Spring

Na yi sallah, na sa kwat, na ɗauki jaka, sai a bakin ƙofa na tuna. Na zauna a kicin da kwat ɗin a jikina. Baban Hidaya ya fasa fita da wuri, ya zauna a ɗaya kujerar yana karanta jaridar jiya.

7:00

Yanzu da ina ɗaga murfi.

7:15

Wayar tana kan tebur.

7:25

Ba komai. Baban Hidaya ya ce in cire kwat ɗin. Wataƙila duk ni ce. Wataƙila za ta kai wani makon, in je in karɓi makulli, in ji kunyar abin da na rubuta a nan.

7:40

Martina ce.